Tsokar zuciya da ake renonta a ɗakin gwaji, ta yaya ake auna bugunta?

Maman Hanan, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kamu da ciwon zuciya wata biyu bayan haihuwarta ta uku. Ƙafafu suka kumbura, ba ta iya barci sai an jera mata matashi uku. Tun daga nan duk abin da ya shafi zuciya ba na wuce shi. Jiya ɗana da ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Jos ya nuna min bidiyon wata 'yar tsoka a faranti tana motsi ita kaɗai, wai ta zuciyar mutum ce. Gabana ya faɗi. A ina aka samo ta? Kuma ƙanwata wayoyi ake manna mata a ƙirji, wannan 'yar mitsitsiyar fa ina za a manna?

Baban Sadiq, Rikkos:
Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ba daga ƙirjin kowa aka yanko ba. Ƙwayoyin fata ko na jini ake mayarwa tamkar na farkon halitta, sannan a juya su su zama na zuciya. Shinya Yamanaka ɗan Japan ya yi hakan da ƙwayoyin mutum a 2007, ya samu kyautar Nobel a 2012.

Awon ne ya daɗe yana ba da wahala. Abin aunawa mai tauri takura tsokar yake yi, ta kasa bugawa yadda ta saba. Masu bincike a Jami'ar Tokyo suka saƙa wata raga mai laushi kamar yanar gizo-gizo, da siraran layukan zinare. Ana shimfiɗa ta a kan tsokar, ta miƙe tare da ita, ta tsuke tare da ita, tana ɗaukar lantarkin kowane bugu.

Anti Nas, Gangare:
Mu da muka yi aikin jinya zamanin maganin Halfan mun san amfanin gwada magani a kan irin wannan tsokar. Halfan yana kashe zazzaɓin cizon sauro, amma yana iya rikita bugun zuciya. Gwaji a kan ɓera bai wadatar ba, tasa zuciyar tana buga sama da 500 a minti. Sai dai Maman Hanan, ƙwayoyin tsokar nan ba su gama girma ba, sun fi kama da na ɗan tayi. Kada ƙanwarki ta bar maganinta, kuma ta nisanci kunun kanwa.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. Kanwa kam mun daina. Baban Sadiq, ke nan da jinin ƙanwata ma za a iya reno irin wannan tsokar, a ga abin da ya raunana tata?