Wa ya taɓa kallon fim ɗin Sarraounia?

Ɗan Dogondutsi: Jama'a, kakata 'yar Lugu ce, tun ina yaro take ba ni labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙin da ta yi da sojojin Faransa a 1899. Jiya na kalli fim ɗin Med Hondo na 1986. Da gaske ya ci kyauta?

Hajiya Ta Maraɗi: Ƙwarai kuwa, ɗana. Shi ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu, 1987. Daga littafin Abdoulaye Mamani aka ciro shi.

Baƙon Kano: Ni Bule, kyaftin ɗin Faransa, ya tsaya mini a rai. Yana ƙona garuruwa, sojojinsa baƙaƙe kuwa bai ɗauke su mutane ba.

Ɗan Dogondutsi: Haushina ɗaya, Hajiya: labarinmu ne, amma a Burkina aka ɗauke shi!