Na dawo da yarana karatu a gida, amma jadawalin ya gagare ni

Uwar Huɗu, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa koyar da 'ya'yansu da kansu.

Yarana uku ne suka isa karatu. Babbar tawa shekararta goma, ta gama aji huɗu. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara bakwai, sai 'yar shekara huɗu wadda ba ta iya komai ba sai ɓarna. Ga na goye, watansa takwas. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 makarantarsu take ƙara kuɗi, kusan kowane zango sai an aiko da takarda, mai adaidaita sahun da ke kai su shi ma ya ninka nasa. Maigidan a Kantin Kwari yake, kuma yaron shago ne, ba mai shago ba. Da aka gama zango na uku muka zauna muka buga lissafi, sai ya ce tunda ina da NCE, wato takardar shaidar malanta, kuma ba wani aiki nake fita ba, me zai hana in riƙe su a gida shekara guda mu gani. Na amsa da rawar jiki, ashe ban san abin da na ɗauko ba.

Jadawalin tsohuwar makarantarsu na kwafa daga bayan littafin babbar: darasi takwas, minti arba'in-arba'in, daga ƙarfe takwas, har da lokacin fita tara. Na manna shi a jikin firij, na sayo farin allo. Yau sati uku ke nan, wallahi ba mu taɓa wuce darasi na uku ba. Ina fara lissafi da babbar, namijin zai ce ya gama nasa. In juya kansa, ƙaramar ta zubar da omo a tsakar gida. Mai ruwa ya buga ƙofa, na goye ya tashi, kafin in ankara sha ɗaya ta yi ban ɗora girki ba. Ga cincin da nake yi ina ba masu shago, shi ma sai an murza an soya. Ƙarfe huɗu kuma su tafi Islamiyya, Asabar zuwa Laraba, su dawo dab da magariba da haddar da za a biya gobe.

Jiya na daka wa babbar tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ta shiga ɗaki tana kuka, ni ma na zauna a kicin na yi nawa. Don Allah yaya ake tsara wannan abu? Awa nawa ya kamata a yi? Ko dai in haƙura mu ci bashi su koma?

Tsohon Hedimasta, Tudun Wadan Zariya:

Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da cire takardar nan daga jikin firij. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, na rubuta irin wannan jadawali ba adadi, kuma na san don wa ake yin sa. Don aji mai yara sittin ko tamanin ake yi. A cikin minti arba'in ɗin nan malami zai shigo, a gaishe shi, a yi shiru, ya goge allo, ya rubuta, ya jira mai jinkirin kwafa, ya raba faɗa, ya karɓi littattafai. Abin da ke isa kunnen yaro guda bai fi minti goma ba. Ke kuwa yaro ɗaya ne a gabanki, kina kallon idonsa, kin san lokacin da ya gane da lokacin da yake gyaɗa kai kawai. Abin da aji ke yi a yini za ki yi shi kafin hantsi ya dubi ludayi.

Ga ma'aunina. 'Yar shekara goma, awa biyu da rabi zuwa uku. Ɗan bakwai, awa ɗaya da rabi, kuma a gutsuttsura, kada zama ɗaya ya wuce minti ashirin. 'Yar huɗu ba ta da jadawali. Ki ba ta gawayi ko alli ta yi zane a ƙasa, ki ba ta wake ta ƙirga, ki yi mata tatsuniya. Ya isa.

Abu uku ne ba a tsallake su ko rana ɗaya: karatu da babbar murya, rubutu, da lissafi. Sauran, irin su kimiyya da sanin zamantakewa, ki ba kowanne rana ɗaya a sati. Namijin nan ki gwada shi tukuna: ki miƙa masa rubutun Hausa da bai taɓa gani ba ya karanta miki. Na sha ganin yara daga makarantun kuɗi suna rera Turanci kamar aku, amma ba sa iya haɗa baƙi da wasali. In ya yi tuntuɓe, ki ajiye komai ki koma kan ba, bi, bu da shi wata guda. Wanda ya iya karanta harshensa ba ya shan wahalar na wani.

Sai maganar takarda, wadda iyaye ke mantawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Don haka kada ki yi abin a ka. Ki samu littafi mai kauri ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da kowa ya yi. Ki nemi manhajar aji biyar ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ko ki roƙi wata malama ta ba ki tsarin aikin zango ki kwafa, don ki san inda sa'o'inta suke. Idan kuna da niyyar ta shiga makarantar gwamnatin tarayya, NECO ce ke shirya jarrabawar shiga, kuma lissafi da Turanci ne ƙashin bayanta. Tun yanzu mijinki ya je ya yi magana da hedimastan firamaren unguwarku a kan yadda za ta samu shaidar kammalawa. Kada a bari sai ranar tafiya a nemi guzuri.

Malamin Hadda:

Baba Hedimasta ya gama magana a ɓangaren boko. Ni abin da zan ƙara, Malama, ki daina kallon agogo, ki rataya ranarki a jikin salloli. Agogo yana sa mutum ya ji ya makara tun kafin ya fara, amma kowane yaro ya san bayan asuba, ya san kafin azahar.

Sabuwar hadda bayan asuba ake ɗaukarta, kan yaro bai cika da hayaniya ba. Kada ki bar ta sai dare, lokacin sun gaji, ga sauro ga rashin wuta. Ɗan bakwai layi uku zuwa biyar ya ishe shi. Babbar za ta iya rabin shafi. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, layi goma sha biyar-biyar, to in tana ɗaukar rabin shafi kwana biyar a sati, cikin kusan shekara biyar za ta haɗa izu sittin, ba tare da an takura mata ba. Tilawar baya kuma tsakanin magariba da isha'i, kuma wannan aikin babansu ne. Ya dawo daga kasuwa ya zauna a tabarma su biya masa. Ko bai haddace ba ai zai iya riƙe Alƙur'ani ya bi su da ido. Maza muna son mu yanke shawara mu bar wa mata ɗaukar kayan.

Kuma tunda Islamiyyarsu tana hutun Alhamis da Juma'a, ki daidaita bokon da ita. Ba wanda ya ce dole sai Litinin zuwa Juma'a. In kin bi na makaranta kin kuma bi na Islamiyya, yaran ba su da ranar hutu cikakkiya ko ɗaya a sati.

Bakanuwa a Landan:

'Yar'uwa sannu, na ji kukan nan naki har cikin raina don na yi irinsa. Shekara huɗu ke nan ina koyar da nawa biyu a gida. A nan Ingila doka ta yarda, dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi yaro ya samu ilimi ko ta zuwa makaranta ko ta wata hanya, shi ya sa masu yi suna da yawa, muna haɗuwa a laburare da wuraren wasa.

Shawarar Malam ta bin salloli tana da kyau, kuma ku a Kano ta fi yi muku, don lokutanku duk shekara kusan awa guda kawai suke motsawa. Ni na gwada na sha wuya. A watan Yuni asuba kafin ƙarfe uku take shiga, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, a Disamba kuwa huɗu ba ta cika ba an yi magariba. Sai na koma bin jeri kawai: in an gama wannan sai wancan, ko ƙarfe nawa ne. Ke ma na san zafin Afrilu da Mayu zai sa ki matso da komai da sassafe, sanyin hunturu kuma ya sa ki jinkirta.

Dabarar da ta cece ni ita ce karɓa-karɓa. Kada ki koyar da biyu a lokaci guda. Ki zauna da ƙaramin minti ashirin, babbar tana aikin da kika rubuta mata tun daren jiya. Sai ku yi musanya, shi ya je ya yi kwafi ko ya yi wasa da ƙanwarsa. Daren jiyan nan shi ne sirrin: minti goma kafin ki kwanta ki rubuta wa kowa abu uku a littafinsa. Ranar da ban yi ba, ranar ta lalace. Cincin ɗinki ma darasi ne. Gwangwani nawa na fulawa, nawa aka kashe a mai da sukari, ƙulli nawa ya fita, nawa ce riba? Ki bar babbar ta riƙe littafin cinikin.

Goggon Yara:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na aurar da 'ya'ya shida, bari in faɗi wadda ba a faɗa ba. Duk kun ce babbar ta yi aiki ita kaɗai, babbar ta riƙe ciniki. To a yi hattara. Yarinya 'yar shekara goma in tana gida, ita ce za a ce ɗauki ƙaninki, duba tukunya, miƙa wa mai shago. Yau kaɗan gobe kaɗan, sai a wayi gari namijin yana karatu ita ta zama 'yar raino. Ba mugunta ke kawo shi ba, hannu ne ya yi kaɗan. Na gani a gidan 'yar ƙanwata. Ki sa wa ranki cewa daga karin kumallo zuwa sha ɗaya ba 'yarki ba ce, ɗaliba ce, ko jaririn zai tsaga gida da kuka ke za ki goya shi.

Sannan ki raba ranar suya da ranar karatu. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kuma in shekara ta zagayo kika ga ba ya yi, makarantar gwamnati ba abin kunya ba ce, ki kai su da safe ki ƙara musu da naki a gida.

Uwar Huɗu, Rijiyar Zaki:

Na dawo bayan sati biyu. Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Hedimasta, na yi gwajin da ka ce, kuma gaskiyarka: na ba shi takardar da aka ƙunso mana ƙosai, mai rubutun Hausa, ya kasa wuce layi biyu. Yaron da yake zuwa na biyar a ajinsu! Na ji kunya, na kuma ji haushin kuɗin da muka zuba. Mun koma baƙi da wasali.

Yadda muke yi yanzu: bayan asuba hadda, kamar rabin awa, sai su koma barci kaɗan ni kuma in ɗora koko in jiƙa abin rana. In an karya an yi wanka, namijin ne farko, babbar tana aikin da na rubuta mata da dare. Sai mu juya. Kafin sha ɗaya shi ya gama, ita takan kai sha biyu saura. Bayan azahar kowa ya kwanta, har ni. La'asar Islamiyya. Asabar zuwa Laraba muke yi, Alhamis nake suya, Juma'a mu je gidan kakarsu a Gwammaja su yi wasa da 'yan'uwa.

Goggo, maganarki ta tsaya min. Ranar Talata na kama bakina ina cewa ta ajiye biro ta karɓi yaron in tace shinkafa. Na fasa, na goya shi, shinkafar ta ɗan caɓe, muka ci a haka.

Inda ya rage shi ne tilawar dare. Malam, na karanta wa maigidan abin da ka rubuta, ya yi dariya ya ce ka gaya masa gaskiya. Ya zauna da su kwana huɗu, na biyar ya dawo a gajiye ya yi barci a kan tabarma Alƙur'anin na hannunsa, yaran suka yi ta biyawa su kaɗai har isha'i. Ita kuma ƙaramar ta gano inda nake ɓoye allin, jiya ta zane bangon maƙwabta tun daga ƙofa har bakin kwata. In akwai mai dabarar abin da zai zaunar da 'yar shekara huɗu na minti ashirin, ban da waya, ina saurare.