Garin TiO2 ya cinye launi a ɗakin gwaji, amma ya kasa a ruwan rini: ina matsalar take?

Ɗan Marina Agege:
Assalamu alaikum malamai. Akwai wata marina a nan Agege da ake rinin shadda, tana zubar da ruwa kamar lita 1000 a rana zuwa kwata. Ana so a rage ƙazantarsa kafin jami'an LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, su fara zuwa. An gwada garin titaniyam dayoksaid (TiO2) iri na P25, wanda ake yi don rusa ƙazanta da taimakon haske, a ɗakin gwaji a kan ruwan shuɗin metilin (wani rini da ake gwaji da shi), cikin awa biyu a rana ruwan ya yi fari tas. Sai aka sayo buhun farin garin titaniyam mai araha a kasuwar sinadarai, aka zuba giram 5 a kowace lita ta ainihin ruwan marinar a cikin baho, aka bar shi a rana tun safe har la'asar. Babu abin da ya canza, sai ma ruwan ya zama kamar koko. Rinin irin wanda ake haɗawa da soda da haidiro (sodiyam haidirosalfait) ne. Garin ne ba shi da kyau, ko hanyar ce ba ta aiki a irin wannan ruwa?

Mai Sinadarai:
Wa alaikumus salam. Malam, kurakurai uku ne suka haɗu maka, kuma ko ɗaya daga ciki ya isa ya ɓata aikin.

Fara da garin. Ba cutarka aka yi ba, abin da ake sayarwa a buhu na masu fenti da roba ne. TiO2 yana zuwa a nau'o'i kamar rutil da anatas, kuma yawancin na buhun rutil ne, ƙwayoyinsa sun kai nanomita 200 zuwa 300 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma da gangan ake lulluɓe su da alumina da silika don kada su yi aiki da haske, saboda in sun yi za su cinye fentin da aka saka su a ciki. Wato ka sayi garin da aka kashe wa ainihin ƙarfin da kake nema. P25 kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari anatas ne, sauran rutil, ƙwayarsa wajen nanomita 21, kuma giram ɗaya yana da faɗin fuska kimanin murabba'in mita 50. A kan wannan fuskar duk aikin ke gudana.

Yadda abin yake: anatas yana buƙatar haske mai ƙarfin 3.2 eV (ma'aunin ƙarfin haske), wato hasken UV da ido ba ya gani, mai tsawon zango ƙasa da nanomita 387. Idan ya bugi ƙwayar sai lantarki ɗaya ya tashi ya bar gurbi. Gurbin ya haɗu da ruwa ya haifar da haidiroksil mai yawo, wanda ke farfasa sinadarin rini, lantarkin kuma iskar oksijin da ke cikin ruwa ce ke karɓe shi. In babu oksijin, lantarkin ya koma gurbinsa nan take, hasken ya tafi a banza. Tun 1972 da masana Fujishima da Honda suka nuna wannan hali na TiO2 a Japan ake fama da wannan komawar.

To haidiro aikinsa kenan, cinye oksijin. Ruwan da ya fito daga tukunyar rini ba shi da oksijin ko kaɗan, ga soda ta kai pH ɗinsa (ma'aunin tsami da kaifin soda, 7 ne tsakiya) 11 ko fiye, ga duhun da haske ba ya ratsa ko santimita ɗaya. Kuma UV bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Ɗan wannan kaɗan ɗin ma ka toshe shi da giram 5 a lita. Tsakanin giram 0.5 da 1 ake sakawa. In ya wuce haka ƙwayoyin sama su ke yi wa na ƙasa inuwa.

Injiniyan Ruwa Ikeja:
Abin da Mai Sinadarai ya faɗa haka yake, sai dai ni zan ja hankali zuwa wani wuri. Wannan hanya ba a fara wanke ruwa da ita, ta ƙarshe ce. Kuma sa'arka, irin rininka ya fi sauƙin cirewa da hanya mai araha, domin da zarar ya sha iska yake komawa gari wanda ba ya narkewa.

A tara ruwan a tanki, a hura masa iska. Injin hura iska na masu kiwon kifi ya wadatar, a bar shi ya kwana yana aiki. Za ka ga launin ya juya, wari ya ragu. Sai bayan nan a sauko da pH zuwa 6.5 ko 7 da asid na salfa da aka tsinka. Kada a juya tsarin: in ka zuba asid a kan ruwan da haidiro ke da rai a ciki, hayaƙin salfa dayoksaid zai taso ya shaƙe mai aikin. Kuma wajen tsinkawa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

Daga nan sai alam. Kar ka yi kintace. Jera kwalabe huɗu masu lita ɗaya-ɗaya, saka miligiram 200, 400, 600 da 800, juya da sauri minti ɗaya, sannan a hankali minti 15, ka bar su minti 30. Wadda samanta ya fi washewa da alam mafi ƙanƙanta, ita ce ma'auninka. A lura alam kansa yana ƙara sauko da pH, don haka a sake aunawa. A tsiyaye ruwan sama a bi da shi ta durom mai tsakuwa da yashi. Ruwan da ya fito, wanda kana iya hango ƙasan kofi ta cikinsa, shi ne za a kai wa TiO2, ya ƙarasa ragowar da ta narke wadda alam ba ya kamawa.

Sai lissafin fili, wanda a Legas shi ne babbar magana. Zurfin ruwa a faranti kada ya wuce santimita 5. Lita 1000 a wannan zurfi na son murabba'in mita 20, fili buɗaɗɗe da babu inuwar bene daga ƙarfe 10 zuwa 3. Daga Mayu zuwa Yuli hadari zai rage maka aiki sosai, ruwan sama kuma zai cika farantin, a Disamba da Janairu ƙurar hunturu ta tare wani kaso na UV. Idan za ka rufe, kar ka sa kowace irin roba, da yawansu an saka musu maganin tare UV. A Almeriya ta ƙasar Sifen, inda aka daɗe ana gwada wannan da rana, bututun gilashin borosiliket suke amfani da shi a kan madubin alminiyam mai lanƙwasa, famfo yana zagaya da ruwan. Fitilar UV ta nanomita 365 tana aiki dare da rana, amma ka lissafa kuɗin wuta da man janareta tukuna.

Ɗalibi Idi-Araba:
Malamai, me zai hana a yi amfani da zinc oksaid? Ya fi sauƙin samu, kuma a rubuce-rubuce da dama yana cire launi da sauri fiye da TiO2. Ko kuma wanda ake yi da takin yuriya, tunda shi yana aiki da hasken da ido ke gani.

Dakta Mai Lab:
Ɗana, zinc oksaid yana da sauri, gaskiya ne, amma haske yana cin jikinsa, kuma a ruwa mai tsami ko mai soda sosai narkewa yake yi. Ka cire rini ka zuba wa kifin lagun ɗin Legas zinc. Na yuriyan, wato g-C3N4, ana samunsa in an gasa yuriya ko melamin a rufaffen kasko a zafin digiri 550 na salshiyas na awa biyu zuwa huɗu. Ƙarfin hasken da yake buƙata 2.7 eV ne, don haka yana kama shuɗin haske, sai dai gurbinsa ba shi da ƙarfin haifar da haidiroksil kai tsaye kamar TiO2, kuma daga yuriya ɗan abin da ke saura a kaskon kaɗan ne ƙwarai. Na bincike ne mai kyau, ba na marina ba tukuna.

Ni abin da ya fi damuna shi ne gwajin farko da mai tambaya ya dogara da shi. Shuɗin metilin mayaudari ne. Shi kansa yana shan hasken rana, yana iya dusashewa ta hanyar da ba ta nuna ƙarfin garin ba, kuma a pH mai sama yana manne wa TiO2 kawai, ruwa ya yi fari alhali rinin yana nan a jikin garin. Duk gwajin da za a yarda da shi sai an yi kwano uku: ɗaya da gari a cikin duhu, ɗaya a rana babu gari, ɗaya da duka biyun. Kafin a fitar rana a juya a duhu minti 30 zuwa 60 don mannewa ta tsaya. A yi wa kwanon alama a cike abin da rana ta ƙafar da ruwa tsantsa kafin ɗibar samfur, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. A tace samfurin da matata mai 0.22 maikiron kafin a saka a na'urar auna launi. Shuɗin metilin ana karanta shi a nanomita 664.

Sannan ɓacewar launi ba tsarkin ruwa ba ce. Abin da ke ba da launi shi ne ke fara karyewa, ragowar gutsattsarin suna nan. A rinin azo, wanda wasu marina ke haɗawa da shi, gutsattsarin na iya zama sinadaran amin masu guba fiye da rinin. Shi ya sa ake auna COD (yawan oksijin da ƙazantar ruwan ke buƙata kafin ta ruguje) kafin da bayan aiki, in da hali har da TOC (jimillar kabon da ke cikin ƙazantar). Sau da yawa launi ya tafi a awa ɗaya, COD kuwa sai ya ɗauki ninkin wannan lokaci sau da yawa. Ƙarafa irin su kuromiyam da tagulla haske ba ya rusa su, sai dai su koma cikin laka.

Gishiri ma yana ja da baya. Kuloraid da bakabonet suna cinye haidiroksil, salfet da fosfet suna zaune wa fuskar garin. Ruwan rijiyar burtsatse a yankunan da ke kusa da teku, kamar Lekki, yakan zo da gishiri tun kafin a saka masa rini. Ana iya taimakawa da haidirojin feroksaid: na kemis mai kashi 6, mililita 5 a lita ya kai wajen milimola 9. Kar a zarce, domin in ya yi yawa shi ma cinye haidiroksil ɗin yake, kuma ragowarsa tana ɗaga awon COD a ga kamar aikin bai yi ba.

Ɗan Marina Agege:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: P25 da tsada. Ta yaya za a dawo da shi bayan an gama, kada ya bi ruwa kwata?

Injiniyan Ruwa Ikeja:
Kusa da pH 6.5 ƙwayoyin ba su da caji, sai su dunƙule su kwanta. Kai ruwan can, kashe iska, bar shi ya kwana a tanki mai tsinin ƙasa, da safe ka tsiyaye sama ta famfon da ke gefe, ka mayar da farar lakar cikin sabon ruwa. Idan ka ga garin ya rine kuma ya yi sanyin aiki, wanke shi, bar shi a rana cikin ruwa mai tsabta, ko a gasa shi a digiri 400 zuwa 450 na awa ɗaya. Kar a haura 600, anatas zai fara juyewa rutil. Akwai masu shafa shi a kan gilashi ko tayil su gasa don su huta da tacewa, amma saurin aikin yana raguwa sosai, kuma in shafin bai kama ba ɓarewa yake. Mai auna busasshen garin ya sa takunkumi na gaske, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Lakar alam ɗin kuma a shanya ta a kan siminti a ƙulle a buhu a ba masu kwashe sharar masana'antu, kada a tura ta kwata da daddare.