Wanne fim ɗin Walter Salles zan fara da shi?

Abba K: Salam jama'a. Dan Allah wa ya san finafinan Walter Salles ɗin nan ɗan Brazil? Tunda ya ɗauki Oscar a 2025 nake jin sunansa, ina son in fara kallo amma data ta ba yawa, guda ɗaya zan sauke

Yaya Hauwa: Central do Brasil na 1998, kar ka yi wani dogon tunani ƙanena. Labarin wata tsohuwar malama ce Dora da ke zama a tashar jirgin ƙasa ta Rio tana rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba wasiƙa, ta karɓi kuɗinsu kuma sau da yawa ko aikawa ba ta yi, sai mota ta buge uwar wani yaro Josué ya zamana ita ce za ta kai shi can arewa maso gabas neman babansa. Wallahi tana tuna min mai rubuta wasiƙa da ke bakin gidan waya a garinmu da ƴar teburinsa da biro a kunne. Shi ya ci Golden Bear, babbar kyautar bikin finafinai na Balin, Fernanda Montenegro da ta fito a Dora kuma har takarar Oscar aka saka sunanta

Sadiq: Ni dai Motorcycle Diaries 2004 zan ce. Che Guevara tun yana ɗalibin likitanci, shi da abokinsa Alberto Granado a kan wani tsohon babur Norton a 1952, babur ɗin ma bai kai su ko'ina ba ya mutu a Chile 😂 akwai dariya akwai tausayi

Yaya Hauwa: Sadiq wannan ai da Sifaniyanci aka yi shi, ba Brazil a ciki. Shi fim ɗin Brazil yake nema

Malam Bashir: Ku bar yaron nan ya fara da wanda ya kawo shi, Ainda Estou Aqui, wanda ya ci Oscar ɗin. Labarin gaske ne, Rubens Paiva tsohon ɗan majalisa da sojoji suka ɗauke daga gidansa a Janairun 1971, ba a sake ganinsa ba. Matarsa Eunice ta riƙe ƴaƴa biyar, ta koma makaranta ta zama lauya, sai 1996 gwamnati ta ba ta takardar shaidar mutuwarsa. Shekara 25 fa. Salles kuma ya san gidan, yana yaro yana zuwa wajen ƴaƴansu, shi ya sa falon da kiɗan suke kamar gidan mutane na gaske. Akwai wajen da mai ɗaukar hoto ya ce kar su yi murmushi ita kuma ta ce wa yara ku yi, nan na ajiye wayar na ɗan fita waje

Abba K: Malam ka ba ni labarin duka ai 😅

Malam Bashir: Yi haƙuri, amma ba labarin ba ne abin kallo, fuskar Fernanda Torres ce, wadda ta fito a Eunice. Ɗiyar Montenegro ce fa, uwar ce ta fito a Eunice da ta tsufa a ƙarshe

Sadiq: On the Road na 2012 dai kar ka ɓata datarka, na yi barci sau biyu

Abba K: To na sauke Central do Brasil, subtitle ɗin ne yake gaba da magana, wa ke da mai kyau ya turo