Wace kalma za mu ba "commissioning" a harkar lafiyar mazauna bakin iyaka?

'Yan'uwa masu fassara, ku taya ni. Kalmar "commissioning" ta hana ni sakat a wani aiki kan kiwon lafiya a Birtaniya. Da farko na rubuta "ƙaddamarwa", don a Najeriya in aka faɗi kalmar, gwamna muke gani da almakashi yana buɗe sabon asibiti. Ashe kuskure ne babba.

Ga abin da suke nufi. Tun 1999 yankin Wales ke tafiyar da harkar lafiyarsa daban da Ingila. Gundumar Powys ta Wales, da ke bakin iyaka da Ingila, ba ta da babban asibiti ko ɗaya, sai ƙanana. Don haka hukumar lafiyarta take duba yawan masu buƙatar tiyata ko jinya mai tsanani, ta yi yarjejeniya da asibitocin Shrewsbury da Hereford a cikin Ingila, ta biya, sannan ta bi sawu ta ga ko an yi aikin yadda ya kamata. Wannan duka shi ne kalmar ta ƙunsa.

Na gwada "kwangila". Ta kama ɓangaren kuɗi kawai, ga shi kunnen Bahaushe na jinta zai tuna siminti da kason ofis. "Ɗaukar nauyi" kuwa tana da ƙamshin alfarma, kamar wani attajiri ne ya tausaya, alhali haƙƙin majinyaci ne.

Ni dai na tsaya kan "tanadin jinya". Mai tanadi yakan hango buƙata tun ba ta zo ba, ya ware abin kashewa, ya san inda zai samo. Hukumar sai ta zama "mai tanadi", asibitin kuma "mai ba da jinya".

Cikakkiyar kalmar a Turance "cross-border commissioning" ce, kuma sauran rabinta, wato "cross-border", ma da tarko. Kada mu ce "ƙetare", don jinyar ƙetare a wurinmu jirgin Indiya ko Masar ne. "Tsallaken iyaka" ta fi, irin tsallaken da mutumin Illela ke yi zuwa Ƙonni ya wuce asibitin Galmi. Sai dai shi da aljihunsa yake zuwa, babu hukumar da ta yi masa tanadi, kuma abin na ci mini rai.

Abin da na rubuta ke nan: "tanadin jinya a tsallaken iyaka". Malamanmu na Maradi da Damagaram, a kunnenku ta zauna?