Ɗakin eksire da bulo inci 9: ya isa, ko sai an sa dalma?

Mai Asibiti, Kaura Namoda:
Assalamu alaikum. Ƙaramin asibiti ne zai sa na'urar hoton ƙashi da ƙirji. Ginin bulo inci 9 ne, ƙofar katako, kuma bencin masu jira na jingine da bango ɗaya. A bar shi haka?

Injiniya, Gusau:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kaurin bulo yana yaudara. Namu mai rami ne, ciki iska ce, hasken eksire kuwa ratsawa yake. Ko dai a cika ramukan da kankare tun ana gini, ko a manna falankin dalma mai kaurin milimita 2, wanda ya yi daidai da kankare zalla kusan santimita 15. A kai shi sama mita 2 daga ƙasa.

Inda masu aiki suka fi kwafsawa shi ne haɗin falanki da falanki. Dole ɗaya ya hau kan ɗaya, kan ƙusa ma a rufe shi da guntun dalma, haka bayan soket. Ƙofa da firam ɗinta duk a sa musu. Sannan a lulluɓe dalmar da katako kada hannu ya taɓa, mu a Zamfara mun san abin da gubarta ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010.

Hajiya Mai Hoto:
Alhaji, kafin kuɗin dalma, a ɗauke bencin nan. Nisa kyauta ne: in ka ninka tazara sau biyu, hasken da ke isa jiki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Allon hoton ƙirji kuma ya koma bangon da ba kowa a bayansa, don nan hasken ke duka kai tsaye.

Rigar dalma, wato rigar kariya daga hasken, a rataye ta, ninkewa ke tsaga ta ta ciki. In za a riƙe yaro, ɗan'uwansa ya sa rigar ya riƙe, ban da ma'aikaci, ban da mai ciki.

Malam Fiziks:
Milimita 2 ɗin al'ada ce kawai, ainihin kaurin lissafa shi ake yi da yawan hotunan mako da ƙarfin na'urar. Iyakar hasken da aka yarda ya shiga jikin ma'aikaci mSv 20 a shekara (mSv ma'aunin hasken ne), na jama'a mSv 1, masu benci kuwa jama'a ne. Kowane ma'aikaci ya maƙala bajin auna haske a ƙirji, ƙarƙashin rigar, kada a bar shi kwana cikin ɗakin hoto. Cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Zariya tana karanta shi. A nemi lasisin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa, kafin a ɗauki hoton kowa.