Erasmus baƙo ne ko ba baƙo ba?

Ɗan Aji Uku: Wallahi yau raina ya ɓaci. Malamin Girkanci ya rage min maki don na karanta harafin Girkanci η da "i" yadda Girkawan yau ke faɗa, wai sai dai "ee" irin furucin da masanin nan Erasmus ya ce shi ne na tsoffin Girkawa. Mutumin Rotterdam ta ƙasar Holan fa, baƙo, don ya rubuta littafi a 1528 zaki da beyar suna hira kan furuci shikenan ya fi masu harshe sanin harshensu?

Yaya Babba: Ƙanena janye kalmar baƙon nan. Mutumin da ya fitar da Sabon Alkawari na Girkanci a 1516 kake ce wa baƙo?

Ɗan Aji Uku: Yaya ko ya fitar da goma baƙo ne, ba a nono ya sha ba.

Malama Mai Alli: To su wa suka sha a nonon? Malaman da suka zo Italiya daga Kustantiniyya, irin su Kirisoloras da ya fara koyarwa a Fulorans a 1397, ai Rumawa suke kiran kansu, kuma tsakaninsu da zamanin Aflatun ƙarni nawa ne, harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na Bayan Layi: Malama Rumawa a suna kawai, Girkanci suke yi a gida da kasuwa. Kar ki mayar da ɗan gida baƙo.

Yaya Babba: Ku tambayi tunkiya. Tsoffin Girkawa sun rubuta kukanta βῆ βῆ, wato "bee bee" a furucin Erasmus, in ka bi furucin yau sai ka ce "vi vi". Ka taɓa jin tunkiya ta ce haka?

Na Bayan Layi: Yanzu tunkiya ce hujja? Kullum haka kake, ko ranar da aka yi maganar Latin sai da ka tare wa Turawan arewa.

Yaya Babba: Ranar ma kai ka fara zagi, saƙon na nan ban goge ba.

Malama Mai Alli: Don Allah ku bari. A jami'ar Kambirij ta Ingila a 1542 shugabanta Bishop Gadina ya hana sabon furucin irin na Erasmus har da barazanar bulala ga ƙananan ɗalibai, kun ga da ma rigimar da zafi take.

Ɗan Aji Uku: Ni dai makina nake magana, ba wanda ya ce komai a kai.

Admin: Na rufe. Abin da ya fito fili shi ne Erasmus ba baƙo ba ne, hujjar tunkiya ba wanda ya iya tunkararta, sauran kuma son rai ne. Ɗan Aji Uku ka je ka ba malaminka haƙuri.